Neman kalma: me za mu kira "wormery" da Hausa?

Jama'a, sallama. Kalmar da ke kan tabarma yau ita ce "wormery", wato akwatin da ake ajiye tana (wannan ta ƙasa mai fitowa da damina) ta mayar da ragowar kayan lambu taki. Mutanen Ingila ne suka fi faɗinta, a Amurka kuma "worm bin" ake cewa. Kafin a fara jefo suna, bari a ga siffar abin tukuna.

Akwati ne, galibi na roba, mai hawa uku ko huɗu, an ɗora faranti kan faranti, ƙasan kowanne da ƙananan huji. A na ƙasa ake shimfiɗa yagaggen kwali ko tsohuwar jarida da aka jiƙa aka matse, a zuba tana a kai. Daga nan duk abin da ya rage a madafa na kayan lambu sai a binne shi cikin shimfiɗar: ɓawon dankali, ɓawon ayaba, ganyen kabeji da ya yanƙwane, ganyen shayin da aka tace, ɓawon ƙwai da aka daka. Idan tana ta cinye na ƙasa, sai ta bi hujin ta hau farantin sama inda sabon abinci yake, ta bar baƙin taki mai laushi, mai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Wata uku zuwa shida ake yi kafin a kwashe na farko. Can gindi akwai ɗan famfo da ake tsiyaye ruwan da ya taru.

Shawarar farko da ta shigo ita ce "gidan tsutsa". Wannan ban karɓa ba. Ka ce wa uwargida za ka ajiye gidan tsutsa a bayan ɗakin girkinta, ka ga irin kallon da za ta yi maka. Tsutsa a kunnen Bahaushe ita ce ta ruɓaɓɓen nama, ko ta cikin yaro, ko ta masai. Wannan halitta kuwa tana da sunanta, tana, wadda ke fitowa da damina, masu fatsa su soka a ƙugiya. Ba gwazarma ba ce kuma, ita wannan farar ƙatuwar ta cikin juji daban take.

Wani ɗan'uwa ya kawo kuka cewa a rubuce "tana" ta ƙasa da "tana" ta "tana zuwa" duk ɗaya ne, har mutum ya rubuta "tana tana cin ɓawo". Gaskiya ne, malam, amma baki yana rarrabe su, kuma da "gari" da "gari" muke zaune tun kaka da kakanni, ba wanda ya taɓa tuƙa tuwo da birni.

Sai "bolar tana" da "jujin tana". Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin sunan yana iya kashe dabbar. Bola wuri ne da ake watsa komai a juya baya. Wanda ya ɗauki akwatin nan a matsayin bola zai juye masa ragowar miya da manja da gishirinta, da ƙashin kifi, da ɓawon lemo, da albasa da attaruhu. Tana ta fatarta take numfashi, dole fatar ta zauna da danshi, gishiri kuwa janye mata ruwan jiki yake yi. Mai da nama suna ɗoyi, su kira ƙuda da ɓera. Lemo da yawa yana sa shimfiɗar ta yi tsami. Ba ta da haƙora ma, ƙundu gare ta kamar na kaza, shi ya sa ake yayyanka ɓawon ƙanana, kuma sai ya fara laushi take iya ci. In aka zuba fiye da cinta, abincin ya ruɓe ya ɗau zafi, sai ka wayi gari ka tarar da su sun hau bango suna neman hanyar gudu. Abin da ake ciyarwa, a duba lafiyarsa, a kare shi daga rana da tururuwa, ai kiwo ne. Saboda haka aikin kansa na ce a kira shi "kiwon tana", kamar kiwon kifi da kiwon zuma.

"Gidan tana" ya fi sauƙi a baki, amma da an ce gidan tururuwa ko gidan gara, abin da ƙwaron ya gina da kansa ake nufi. Mai jin "gidan tana" rami zai hango a fadama.

Wata malama ta kawo "amyar tana". Malama, Allah ya ƙara basira, wannan ta burge ni ƙwarai: mutum ne ke yin amya, ƙananan halittu su yi aiki a ciki, shi ya zo ya kwashi amfani. Abin da ya hana ni tsayawa a kanta biyu ne. Amya ta riga ta manne wa zuma, sannan yaran birni da yawa ba su san kalmar ba, su ne kuwa masu ƙaramin tsakar gida da shuka a buhu da za su fi buƙatar abin nan.

Ni "akurkin tana" na zaɓa. Kowa ya san akurki: a gida yake, yana da mashigar iska, ana rufe shi, kuma abin da ke ciki yana jiran ka kawo masa abinci. Ko da bokiti biyu ka haɗa shi, ɗaya cikin ɗaya, sunan bai ɓaci ba.

Wani baba mai lambu ya tambaya ko abin zai yi a zafinmu. Baba, tambayarka ta fi ta sunan nauyi. Jar tanar da Turawa suka fi kiwatawa, Eisenia fetida, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 25, in zafi ya haura 35 mutuwa take yi, ka ga akwatin roba a rana cikin watan Afrilu ba zai kai ta ko'ina ba. Akwai wata, Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, ta fi jure ɗumi, har a Indiya ana kiwon ta. Ita ma dai sai da inuwa da jiƙaƙƙen buhu a sama.

Abin da ake kwasa kuma "takin tana" ne, ya zauna daidai kusa da takin gargajiya da takin zamani. Wanda ya ce "kashin tana" bai yi ƙarya ba, sai dai ba zai sayu a leda da wannan sunan ba.

Saura ruwan da ke fita ta famfo, wanda ake sirkawa da ruwa kamar kashi goma kafin a zuba wa shuka. An ce "shayin tana", na ce a'a, gidan da ke da yara ba a kiran abin da ba a sha da sunan shayi. Na rubuta "ruwan taki" na wucin gadi. Mutanen Zinder da Maraɗi, da na Sakkwato, in kuna da wadda ta fi ta, ku kawo.