Muhawara: a hana bara tukuna, ko a fara cika alƙawarin doka?

Malam Sabi'u: Salamu alaikum 'yan'uwa. Maganar jiya ba ta ƙare ba, kuma ina nan kan bakata: bara ce ta fi komai daƙile naƙasassu, gwamnatin da ta hana ta gata ta yi musu. Muddin kwano na kawo na cefane, ba mai zuwa koyon sana'a.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, ai an gwada. Kano ta yi dokar hana bara a 2013 zamanin Kwankwaso, Kaduna ta hana a Yulin 2015 bayan bam ɗin Sabon Garin Zariya, har mabarata suka fito zanga-zanga. Yau ka tsaya a kowace danja ka gaya mini abin da ka gani.

Isuhu Mai Walda: Ku ba ni dama, tunda da ni ake. Shan inna ya kama ni tun ina yaye, na yi bara, na kuma bari. Ba kame ne ya raba ni da ita ba. Wani ɗan'uwa gurgu ne ya kai ni wurin 'yan ƙungiyarmu ta masu shan inna da ke ƙera keken guragu, aka miƙa mini gilashin walda. Wanda aka kama da safe kuwa, da la'asar yana wata danjar, don yunwa ba ta san doka ba.

Malam Sabi'u: To ai hujjata ka kawo, Isuhu. Ka bari, ka ga amfani.

Isuhu Mai Walda: Na bari ne bayan na samu abin yi, Malam. Kai so kake a fara ta baya.

Anti Zainab: Abin da ke ba ni haushi, kullum rabin doka ake karanta mana. Buhari ya sa wa dokar hana wariya ga naƙasassu hannu a Janairun 2019. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wanda ya nuna wariya, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani kuma miliyan ɗaya. A 2020 aka kafa hukumarsu ta ƙasa. A unguwar nan wa ya san wanda aka ci tara?

Isuhu Mai Walda: Allah ya saka, Anti. Kwanaki na je wani ofis karɓar takarda. Matakala ce tun daga ƙofa. Na ajiye keke a rana, na sa silifas a hannu na rarrafa, ina isa kanta ma'aikacin ya zaro naira ɗari ya miƙo mini ko kallona bai yi ba. Da na ce takarda na zo nema, sai ya ce in hau bene.

Hajiya Binta: Innalillahi.

Malam Sabi'u: Wannan abin takaici ne, ban musa ba. Amma Hajiya, Anti, ku amsa mini wannan: yarinyar da ke jan sandar makaho daga hantsi zuwa magariba, wace makaranta take zuwa? Tana girma a tsakanin motoci, sa'o'inta na aji. Ita ma sai ta jira a gyara bene?

Anti Zainab: Nan kam ka kama ni, Malam. Dokar ma ta haramta a yi amfani da naƙasasshe wajen neman sadaka. Sai dai idan ka ƙwace 'yar jagora ba ka ba uban komai ba, gida biyu ka rufe wa tukunya. A sa ta a makaranta, shi kuma a san abin da zai ci.

Baba Ɗanladi: Yara, kuna ta ambaton Abuja. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu tun kafin a haife ku, su suka san wanda ba ya iya komai da wanda ya mai da abin kasuwa. 'Yan siyasa sun san ƙofar gidajensu sarai, amma sai zaɓe ya matso, da taliya da atamfa.

Hajiya Binta: Gaskiya ne Baba. Kuma ba bene kaɗai ba. Kwatar layinmu ta cushe da leda, ruwa ɗaya in ya sauka keke ba ya wucewa, makaho kuma bai san inda murfin ya ɓalle ba. Wannan aikin ciyaman ne. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to mu tambaye shi.

Malam Sabi'u: In za a rubuta wa kansila takarda zan sa hannu, da sharaɗin a sa batun 'yan jagora a ciki. Ra'ayina kan bara kuwa bai sauya ba.

Isuhu Mai Walda: A sa. Amma ni zan kai ta da kaina, kuma kada kowa ya ɗauke ni a matakalar. Shi zai sauko ya karɓa.

Baba Ɗanladi: A fara biyawa ta wurin Sarkin Makafi ranar Asabar. Zainabu, rubuta.