Wane suna za mu ba ƙwayar da ɗalibai ke sha lokacin jarrabawa?

'Yan'uwa ɗaliban Madina da Makka da Jidda, assalamu alaikum. Muna rubuta takardar jan kunne da Hausa domin sababbin zuwa kafin iktibar, wato jarrabawa, sai muka cije a kan kalma ɗaya. Turawa na cewa stimulants, Larabawa na cewa munashshiɗat ko munabbihat. Mu me za mu ce?

Ga abin da ake magana a kai. Ritalin da Concerta sinadarinsu ɗaya ne, metilfenidet. Adderall na Amurka kuwa amfetamin ne. Likita na rubuta su ga masu larurar ADHD, wato rashin iya tsai da hankali wuri ɗaya da yawan kazar-kazar, da masu ciwon nan da barci ke sace su da rana tsaka. A nan Saudiyya saidaliyya, wato kantin magani, ba za ta miƙa maka su ba sai da wasfa, takardar likita, ta musamman. Matsalar ita ce ɗalibi lafiyayye ya karɓa daga hannun wanda aka rubuta wa, don ya raba dare a kan muzakkira, wato takardun darasi.

Kuma a ƙasar nan hanyar ba ta tsayawa nan, tana gangarawa zuwa Captagon, wanda ake kira Abu Hilalain saboda jinjirin wata biyu da ke jikinsa. Shi ma daga hannun likita ya fara. A Jamus aka haɗa shi a 1961, aka yi ta ba marasa lafiya, kafin a haramta shi a shekarun 1980. Wanda ke yawo yanzu jabu ne, amfetamin da kafeyin, sinadarin gahawa, da tarkacen da ba wanda ya san ko mene ne. A watan Agustan 2022 an kama kusan ƙwaya miliyan 47 a Riyad, an ɓoye cikin fulawa.

Wani ɗan'uwa ya kawo "maganin karatu", wani ya ce "ƙwayar basira". Ku gafarce ni, ban yarda da ko ɗaya ba. Waɗannan sunaye talla ne. Yaron da ya baro Gusau ko Damagaram, gida duk an zuba masa ido, Larabci bai gama zauna masa a baki ba, ya ji akwai maganin karatu, me kuke tsammanin zai yi?

Malaminmu ya ce a kira su kayan maye kawai a huta. Malam, da girmanka, a nan ne nake jin tsoro. Ɗalibin da ke shan wannan ƙwaya ba ya tangaɗi, ba ya sambatu, yana sahun farko a sallar asuba. In ka ce masa kayan maye, zai waiga ya nemi masu shan kodin da Tramol, ba zai ga kansa a ciki ba. Hukunci wani abu ne, malamai su yi bayaninsa. Amma suna sai ya zama wanda mai abin zai ji ya san da shi ake.

Iyayenmu suna da tasu kalmar, a-ji-garau, ta amfetamin ɗin da manoma da direbobi ke sha. Hausa ce tsantsa, sai dai ita ma bakin mai sayarwa ce ta fito.

"Hana barci" ta faɗi rabi ta bar rabi. Gahawa da goro ma suna hanawa.

Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta sa sinadaran dofamin da noradirenalin su taru a ƙwaƙwalwa fiye da yadda jiki ya tsara. Gajiya tana nan, jin ta ne aka toshe. Na ga wani a sakan, masaukin ɗalibai, da ƙarfe uku na dare, farantin kabsarsa ya huce a gefe bai taɓa ba, muƙamuƙinsa na motsi, leɓensa a bushe, yana ta jan layi a ƙarƙashin shafin da ya riga ya ja wa layi. Ji yake bai taɓa fahimta irin ta ranar ba. Alhali hadda a cikin barci take zama, shi kuma barcin ya kora. Ga bugun zuciya, ga hawan jini, in abin ya yi nisa ya fara zargin ana bin sa. In ta sake shi kuma, sai kasala da ƙuncin rai.

Shi ya sa na karkata ga doki. Mahayi na zaburar da doki da ƙaimi. Ƙaimi ba harawa ba ne, ba ya ƙara wa doki ƙarfi, ƙarfin da ya rage yake tatsa, kuma duk wanda ya duba cikin doki bayan hawan sallah ya ga shaidarsa.

Don haka ga shawarata, suna biyu domin abu biyu ne. A hannun mara lafiya da izinin likita: maganin zabura. Wannan haƙƙinsa ne, kada mu sa shi jin kunyar maganinsa. A hannun lafiyayye da ya karɓa ta bayan fage, ko Captagon na titi: ƙwayar ƙaimi.

Wata 'yar'uwa mai karatun haɗa magunguna ta yi gyara mai kyau, cewa "ƙara ƙaimi" yabo ne a bakin Bahaushe. Gaskiyarki, Yaya. Amma da zarar "ƙwaya" ta shiga gaba, yabon ya tafi, domin ba wanda ke son a ce masa ɗan ƙwaya.

A takardar za mu rubuta haka: ƙwayar ƙaimi laifi ce a dokar Saudiyya, ga mai sha da mai bayarwa, kuma baƙon da aka kama yana iya rasa minha, wato tallafin karatu, da iƙama, izinin zama, ya ƙare a tarhil, a kora shi ƙasarsu. Wanda ya riga ya fara, ya kira 937 na ma'aikatar lafiya a nuna masa asibitin Irada, mai kula da masu shaye-shaye, mafi kusa da shi.