Musayar Waƙa a Kan Sunan Jean-Baptiste

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Na kawo sunan da Faransawa suka daɗe suna raɗa wa 'ya'yansu maza, ina kuma roƙon a amsa mini da baiti.

Suna biyu ne aka ɗaure guda,
Ɗan layi ne a tsakani ya haɗa,
Jean daga Ibrananci ya gada,
Yohanan ne tushen da aka raɗa,
Ma'anarsa Ubangiji ya yi rahama.

Baptiste kuwa Girkanci ne asali,
Mai tsoma mutum a ruwa, ga dalili,
A kogin Urdun ya tsaya a fili,
Yana kiran tuba da babban ƙauli,
Shi ne Yahaya mai kiran al'umma.

Na Ƙofar Mata:
Ɗan Damagaram, ka sha Faransanci,
Har ka manta da darasin Larabci,
Sunan Yahaya bai biyo ta Girkanci,
Daga rayuwa malamai suka ɗau hukunci,
Kai ka kai sunan Faris ka tsoma.

'Yar Zazzau:
Yayana na Kano, buɗe Alƙur'ani,
Suratu Maryam ta yi mana bayani,
Aya ta 13 ta ambaci hanani,
Saiwa ɗaya ce da Yohanan, ka gani,
Tausayi ne, kuma shi ne rahama.

Bamaraɗe:
Allah ya ƙara basira, Malama. Wannan baiti ya raba gardama, domin ya nuna cewa Larabci da Ibrananci sun haɗu a kan saiwa guda, kuma mu mutanen Nijar da muke jin sunan a bakin masu shi mun fi cancanta a saurare mu.

Na Ƙofar Mata:
Malama, na karɓi ayar, amma ban karɓi karin Ɗan Damagaram ba, saboda ɗangon farko na baitinsa na biyu ya karye tun a ƙafar farko, inda ya cusa sunan mai gaɓa uku a gurbin gaɓa biyu.

Ɗan Damagaram:
Malam, harshenka ne ya ƙara gaɓa,
Ba a furta p, Faransawa sun saba,
Batist ake cewa, je ka duba,
Karina bai karye ba, bai goce ba,
Kunnenka ne ke bukatar gyaran zama.

Na Ƙofar Mata:
Ko da an ce Batist, amsa-amonka ya gauraya ɓa da ba, kuma Bahaushe ba ya ɗaukar su harafi ɗaya.

Bamaraɗe:
A gafarce ni da jinkiri. Tunda an koma kan kari, bari in ambaci waɗanda suka amsa sunan.

Colbert waziri ne na Luwi na 14,
Bernadotte soja ne da ya bar Faransa,
A 1818 Suwidin ta naɗa masa rawaninsa,
Ouédraogo ya riƙe Haute-Volta, ƙasarsa,
1982 ya hau, 1983 Sankara ya karɓi ragama.

Luwi na 14 sarkin Faransa ne, Haute-Volta kuwa ita ce Burkina Faso ta yau. A Kebek ta Kanada kuma, ranar 24 ga Yuni ce ranar bikin mai sunan, har ta zama ranar hutun al'ummar yankin.

'Yar Zazzau:
Malam Bamaraɗe, tarihinka daidai ne, sai dai ɗangonka na farko ba shi da amsa-amo, na ƙarshe kuma ya yi tsawon biyu.

Na Ƙofar Mata:
Madalla, Malama. Ɗan Damagaram, har yanzu ina jiran amsarka a kan ɓa da ba.