Neman shawara: yaya ƙwayoyin T ke gane maiƙo?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni a Idi-Araba, Legas, ranar Alhamis zan gabatar da darasi kan CD1, furotin ɗin da ke nuna wa ƙwayoyin T na garkuwar jiki maiƙo, kuma kaina ya ɗaure. Abin da na haddace shi ne ƙwayoyin T guntun furotin suke gani a kan MHC, furotin ɗin da ke ɗaga musu shi a saman ƙwaya. To maiƙo fa, da ba ya narkewa a ruwa, ta ina suke kama shi? Jiya tun daga Oshodi har gida ina cikin danfo ina juya zanen a waya, ban tsinci komai ba. Don Allah wanda ya sani ya warware min, kuma da me zan fara?

Wata yaya daga Agege:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ɗauki misalin rogo: saiwa a ƙasa, ganye a sama. CD1 yana da kwarmi mai zurfi wanda ba ya shiri da ruwa, a nan jelar maiƙon take nutsewa. Kan ne kawai ke leƙowa, sau da yawa sukari ne. Makarɓar ƙwayar T, wato abin da take gane abu da shi, ba ta kaiwa ga jelar. Kan take taɓawa haɗe da fuskar CD1 ɗin. CD1 iri-iri ne, daga a zuwa e. A CD1d kwarmin aljihu biyu ne, A' da F'. CD1b ya fi su ciki, aljihu huɗu gare shi, shi ya sa yake iya ɗaukar mikolik asid, maiƙon ƙwayar tarin fuka, mai jelar da kan kai kabon 80. A 1994 aka nuna haka. Ni da wannan zan buɗe, don ba wanda zai zauna a ajin nan bai san tarin fuka ba.

Wani ɗan uwa daga Mile 12:
Ni tumatir nake sayarwa, ban gane ko ɗaya ba sai rogon. Allah ya ba da sa'a.

Wani malami daga Yaba:
Bayanin Hajiya ya yi, sai dai ni da alfa-GalCer, wani maiƙo mai kan sukari, zan fara, don shi aka fi yi wa hoto. Asalinsa daga wani soson teku ne, masana a Japan suka sarrafa shi, a 1997 aka gano yana tayar da ƙwayoyin NKT, wani nau'in ƙwayoyin T, ta hanyar CD1d. A 2007 masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostiraliya suka fitar da siffar haɗuwarsa da CD1d da makarɓar. Makarɓar ba a karkace take sauka ba kamar yadda ake gani a MHC, miƙewa take yi a kan aljihun F'. Ki lura da yadda sukarin ke kwance, irin wannan haɗin sukari da jela shi ake kira haɗin alfa. Yawancin maiƙon jikinmu masu sukari haɗin beta ne, a tsaye suke, sai makarɓar ta danne su kafin ta zauna, shi ya sa kamun ba ya ƙarfi. Sannan ki shirya wa tambayar ɓera: CD1d kaɗai gare shi, ba shi da a, b da c. Masu jarrabawa na son wannan tarkon.

Mai tambaya:
Na gode Yaya, na gode Malam. Da tarin fuka zan buɗe, hoton 2007 ya biyo baya. Amma Malam, CD1e fa? Na gan shi a jerin, ba wanda ya ambace shi.

Malamin Yaba:
Shi ba ya fitowa saman ƙwaya. A ciki yake zama yana taimakawa a gyara maiƙon a ɗora wa CD1b. Layi ɗaya ya ishe shi.