Neman shawara: tun da aka sa mini gejin zafin inji batir ya daina riƙe wuta

Mai tambaya, daga Tumfure a Gombe:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, kuma aikina yana yawan kai ni Billiri da Kaltungo. Saboda zafin bazara, da kuma yadda allurar zafi ta asali take tsayawa a tsakiya ba ta motsi sai abu ya kusa lalacewa, na sayi geji mai nuna lamba, wanda yake faɗin zafin ruwan inji da ƙarfin wutar batir a tare. Wani mai gyaran wutar mota ne ya haɗa mini, ya jawo wutar daga bayan rediyo, ya kuma yanka tiyon lagireto na sama ya sa abin da ke jin zafin a wurin.

Tun daga lokacin, idan motar ta kwana sai ta tashi da nauyi, idan kuwa na ajiye ta ƙarshen mako ban taɓa ta ba, sai an tura ko an kawo wani batir. Na lura gejin ba ya mutuwa bayan na zare makulli, amma mai haɗin ya ce haka irinsa yake, wutar da yake ci ba ta kai ta kawo ba. Haka nan lambar zafin tana tsalle da zarar na kunna fitilun gaba. Batirin mai amfiya 60 ne, ya haura shekara biyu. Shin in sayi sabo ne, ko in cire gejin in huta?

Amsa daga wani direban haya, Jekadafari:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Batirin da ya ga bazara biyu a Gombe ya yi ƙoƙari, domin zafi yana cin batir fiye da yadda mutane suke zato. Ka tada motar, ka cire kan batir guda tana aiki. Idan ta mutu, altaneta ce ba ta caji, idan ba ta mutu ba, batir ne ya gaji. Kafin ka samu kuɗin sabo, ka riƙa cire kan batir da dare.

Amsa daga wani mai gyaran wutar mota, Bauchi:

Malam, kafin komai ina roƙonka kada ka cire kan batir inji yana aiki. Ina girmama ɗan'uwana direba, kuma na san an daɗe ana wannan gwaji a gareji, amma ya dace ne da tsofaffin motoci marasa kwamfuta. Batir ne yake shanye hauhawar wutar da altaneta take fitarwa, idan aka cire shi wutar tana iya tashi farat ɗaya ta ƙona kwamfutar inji ko rediyo, kuma kuɗin gyaransu ya fi na batir nesa. Mita mai araha tana ba da amsar ba tare da haɗari ba: inji a kashe bayan ya huta, cikakken batir yana nuna bolt 12.6, idan ya sauko 12.2 ya kai kusan rabi, idan kuma inji yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ka ga haka, altaneta tana caji.

Maganar mai haɗin tana da gaskiya ta gefe guda, sai dai ba ta wanke shi ba. A ƙaddara gejin yana cin amfiya 0.1, wanda ma ya yi yawa ga ƙaramin geji irin wannan. A cikin awa 12 na dare ya ci amfiya 1.2 ke nan daga cikin 60, kuma wannan ba zai hana lafiyayyen batir tada mota da safe ba. Tunda taka tana tashi da nauyi bayan kwana ɗaya, to ko dai batirin ya riga ya raunana, ko kuma akwai abin da ya fi gejin girma da yake shan wuta, kuma na fi zargin na biyun saboda wurin da ka ce an jawo wutar.

A bayan rediyo akwai wayoyin wuta guda biyu: ɗaya tana da wuta kullum domin rediyo ta riƙe tashoshi da agogo, ɗaya kuma sai an murɗa makulli take samun wuta. Geji da yawa su ma suna zuwa da irin waɗannan biyun, galibi rawaya ta kullum da ja ta makulli, ko da yake launi yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka takardar da ke cikin kwalin ita ce hujja. Abin da nake yawan gani shi ne mai gaggawa ya murɗe wayoyin gejin biyu wuri guda, ya kuma taɓa su da na rediyo duka biyun. Da zarar an yi haka an gina gada tsakanin layin kullum da layin makulli, wuta ta riƙa komawa baya tana ciyar da duk abin da ke kan layin makulli: rediyo, ramin cajin waya, da duk wani rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, da ke wurin. Ka zare makulli yau da dare ka duba ko fitilar cajar wayarka tana ci. A Corolla ramin cajin yana mutuwa ne tare da makulli, idan ka same shi da rai, ka kama ɓarawon.

Domin tabbatarwa, ka sa mita a kan amfiya 10 na wutar batir, ka mayar da jan tsinken ramin da aka rubuta 10A. Ka kashe komai, ka rufe ƙofofi, ka kwance kan batir mai alamar ɗebewa, sannan ka sa tsinke ɗaya a kan batirin, ɗaya a kan wayar da ka cire, ta yadda duk wutar da motar take sha za ta bi ta cikin mitar. Kada ka murɗa makulli a wannan hali, domin wutar tada inji ta fi ƙarfin mitar. Ka ba ta kamar rabin awa kwamfutocin motar su kwanta, sannan ka karanta. Ƙasa da amfiya 0.05 lafiya ne. Idan ya haura, ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambar, wanda ka zare ta faɗi, a layinsa matsalar take. Akwatin fis na cikin mota yana buƙatar ƙofa a buɗe, don haka ka danne makunnin da ke jikin ƙofar kada fitilar ciki ta rikita maka lissafi. Idan ka zare dukkansu lambar ba ta sauka ba, sai a cire babbar wayar bayan altaneta, bayan an raba batir da motar gaba ɗaya, sannan a mayar da mitar a sake aunawa, domin diyod ɗin cikinta, wanda ke hana wuta komawa baya, idan ya lalace yana barin wuta ta zube ko mota tana ajiye.

Amsa daga wani malamin makarantar koyon sana'a, Gombe:

Na yarda da bayanin Oga na Bauchi, zan ƙara ne kawai a kan yadda za a sake haɗin da kuma tsallen lambar. Kada a koma bayan rediyo. A sayi ɗan abin nan da ake sokawa a mazaunin fis mai ɗauke da fis biyu, a sa shi a gurbin fis ɗin ramin caji, a ba layin gejin ƙaramin fis na amfiya 2 ko 3. A nisanci fis na jakar iska da na birki da na kwamfutar inji, kuma duk wayar da aka gani cikin rigar rawaya a ƙarƙashin sitiyari ta jakar iska ce, ba a soka mata tsinke. Idan gejin ba ya buƙatar tuna wani saiti, wayarsa ta kullum ma a haɗa ta da layin makulli kaɗai.

Tsallen lamba idan an kunna fitila kusan kullum daga baƙar wayar gejin yake, wato wadda ke mayar da wuta jikin bodi. Ko dai an jingina ta da wayar wani abu, ko an ɗaure ta a kan fenti. A kankare fenti har ƙarfe ya fito, a sa mata kai mai zobe, a ɗaure da noti a jikin bodi. Sannan a duba abin jin zafin: idan mai waya ɗaya ne, ta jikinsa wutar take komawa, alhali an dasa shi tsakanin tiyon roba, roba kuwa ba ta wuce da wuta, saboda haka sai an ja waya daga mazauninsa na ƙarfe zuwa jikin inji. Wannan aiki a yi shi inji a sanyaye.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na duba, fitilar cajar tana ci babu makulli. Mun auna da wani mai gyara daban, mitar ta nuna amfiya 0.68, da muka raba wayoyin da aka murɗe a bayan rediyo ta koma 0.03. An haɗa gejin daga akwatin fis yadda Malam ya ce, an gyara baƙar wayar, lambar ta tsaya. Altaneta tana ba da 14.1. Abin da ya rage shi ne batirin yana nuna 12.1 da safe. In canza shi?

Mai gyaran wutar mota, Bauchi:

Alhamdu lillahi. Amfiya 0.68 a awa 48 ya haura amfiya 32, fiye da rabin batirinka, don haka ba mamaki ƙarshen mako yana kashe shi. Kada ka yi saurin saye, kuma kada ka dogara da zirga-zirgar cikin gari ta cika shi, domin altaneta ba ta mayar da batirin da ya zube ƙasa a gajeriyar tafiya. Ka kai shi wurin caji a sa shi a hankali, kamar amfiya 6, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, har ya cika. Idan mai murafu ne a duba ruwansa, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da asid, ban da ruwan famfo. Bayan caji a bar shi ya kwana ba a haɗe ba, sannan a auna. Idan ya riƙe 12.5 zuwa 12.6, kuma lokacin tada inji bai faɗo ƙasa da 9.6 ba, yana da sauran aiki. Idan ya koma kusa da 12.0 shi kaɗai, ko ya faɗi ƙasa da 9.6 wajen tadawa, yawan zubewar da ya yi ya riga ya lalata farantansa, sai ka nemi sabo mai amfiya 60 wanda kawunansa suke gefe ɗaya da na tsohon, domin wayoyin su kai ba tare da an ja su ba.