Abin da masu gyaran wutar mota a Maradi suka ce kan fitilar HID

HID fitilar gaban mota ce mai tsananin haske, mai aiki da iskar zenon. A kanta, bakin masu gyaran ya zo ɗaya: a tsaya kan mai wat 35. Mai wat 55 ta fi haske, amma zafinta na cinye ƙwan, ya ƙona madubin cikin fitila. A launi kuwa, ƙwai mai lamba 4300K, fari mai ɗan ratsin rawaya, ya fi ratsa ƙurar hunturu a hanyar Damagaram. Shuɗin 8000K ado ne kawai.

Yawanci balas, ɗan akwatin da ke kunna ƙwan yana daidaita masa wuta, shi ne ke fara mutuwa. A ɗaure shi nesa da zafin inji da ruwan wanki, a jawo masa wuta daga batir ta rile (makunnin da ke buɗe wa wuta hanya) da fis. Fitila mai ƙiftawa, a fara duba wayar as, wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin mota.

Ƙwayayen kamfanonin Philips da Osram sun fi ƙarko, sai dai jabu ya yi yawa. A canza ƙwai biyun tare, kada yatsa ya taɓa gilashin.