Abin da ba a iya tsayarwa da abin da ba a iya gusarwa: in sun haɗu me zai faru?

Sagir_MaiTambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya kuma da gaske nake. A ce akwai wani abu da yake tafe wanda babu abin da zai iya tsayar da shi, komai ya tarar a gabansa ture shi yake, sannan a ce akwai wani abu a kafe wanda babu ƙarfin da ya isa ya gusar da shi ko da ɗan kaɗan ne. To ranar da suka yi gaba da gaba me zai faru? In na ce mai tafiyar ya tsaya ashe ana iya tsayar da shi kenan, in kuma na ce kafaffen ya gusa ashe dama can ba kafaffe ba ne. Masu kimiyya da masu manɗiƙi don Allah a warware min.

Abu_Hafsa:
Wa alaikumus salam. Malam Sagir tambayar nan tsohuwa ce sosai. Akwai wani masani ɗan ƙasar Sin, Han Fei, wanda ya rasu a shekara ta 233 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin wani mai sayar da garkuwa da mashi. Yana tallan garkuwa yana cewa babu abin da zai huda ta, ya juyo yana tallan mashi yana cewa babu abin da ba zai huda ba, sai wani ya ce masa to in aka soki garkuwar taka da mashin naka fa? Mutumin ya rasa amsa.

Ni a fahimtata matsalar tana cikin tambayar tun daga farko. Da ka ce akwai abin da babu mai tsayar da shi, ka riga ka ce babu wani kafaffen abu a wannan duniyar, don da akwai shi da ya tsayar da shi. Da ka ce kuma akwai kafaffe, ka kore na farkon. Kowanne shi kaɗai hankali zai iya ɗaukarsa, amma su biyun a tare ba sa zama a duniya ɗaya, balle a kai ga maganar haɗuwarsu. Malaman tauhidi sun kasa hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, to haɗuwar nan cikin mustahili take, irin a ce abu yana nan kuma ba ya nan a lokaci ɗaya ta fuska ɗaya.

Injiniya_Bello:
Malam Abu Hafsa ya yi daidai ta fuskar hankali, bari na ɗan zo ta ɓangaren fiziks don akwai abin mamaki a nan. Doka ta biyu ta masanin kimiyya Newton a kan motsi, wadda ya wallafa a 1687, tana cewa duk ƙarfin da ka sa wa abu zai canza masa gudu, sai dai gwargwadon nauyinsa gwargwadon ƙarancin canjin. Ba a kaiwa sifili sai in nauyin ba shi da iyaka. Duniyar nan da muke kai nauyinta kusan kilogiram 6 ne da sifili 24 a bayansa, amma wallahi in ka yi tsalle kai ma ka tura ta ƙasa, kawai dai turin ya yi ƙanƙantar da ba na'urar da za ta gano shi. So babu kafaffen abu a cikin abubuwan da muka sani.

Kuma ma kafaffe dangane da me? Dutsen da kake gani a tsaye yana kan duniya, ita kuma tana zagaya rana da gudun kusan kilomita 30 a sakan ɗaya. Tun zamanin masanin kimiyya Galileo aka gane cewa tsayuwa da tafiya a miƙe da gudu ɗaya ba su da bambanci, ya danganta ne da inda mai kallo yake. In kana cikin jirgin ƙasa wani jirgin na gefenka ya fara tafiya, wani lokacin sai ka kasa gane naku ne ya tashi ko nasu. To ka sa kanka a kan wancan abin da ba a iya tsayarwa, a wurinka shi ne a tsaye cak, wancan kafaffen kuma shi ne yake tahowa da gudu ba mai tsayar da shi. Ka ga kenan su biyun abu ɗaya ne: abin da ba a iya canza masa gudu. In kuwa babu wanda gudunsa zai canza a cikinsu, hanya ɗaya ce ta rage, su ratsa juna kowa ya wuce.

Sagir_MaiTambaya:
Injiniya na gode, maganar cewa abu ɗaya ne ta shige ni sosai. Amma ratsa juna fa? Ni kamar an kauce wa tambayar ne, ya za a yi abu ya ratsa abu ba tare da ya taɓa shi ba?

Injiniya_Bello:
Yana faruwa ai. Akwai wasu ƙwayoyi da ake kira niyutirino masu fitowa daga rana, biliyoyinsu na ratsa jikinka kowane sakan, mafi yawansu su ratsa duniya gaba ɗaya su fita ta ɗaya gefen ba su yi karo da komai ba. Abin da ke hana hannunka shiga bango ba cikar bangon ba ce, ture juna ne da ƙwayoyin hannunka da na bangon suke yi.

Maman_Nana:
Injiniya ka yi haƙuri amma ni ban gamsu ba, ina tare da Malam Sagir a nan. In sun ratsa juna babu wanda ya ji wani, to ai ba su haɗu ba, wucewa kawai suka yi ta wuri ɗaya, tambayar kuma a kan haɗuwa take. Niyutirino ɗin ma da ka kawo ba wai ba a iya tsayar da shi ba ne, jefi-jefi yana karo da wata ƙwayar, da haka ma masana suke gano shi. Sannan ka manta da jan nauyi, abu mai nauyi mara iyaka ai janyo komai zai yi zuwa gare shi har da ɗan'uwan nasa, kuma in ka cusa nauyi mai yawa a ƙaramin wuri baƙin rami yake zama, wato wurin da jan nauyinsa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Dokokin Newton da ka dogara da su an gina su ne a kan abubuwa masu iyaka, da zarar ka sa mara iyaka a ciki lissafin ya watse. Shi ya sa amsar Malam Abu Hafsa ta fi kwanta min. In akwai yadda za su ratsa juna jan nauyin bai canza wa kowa gudu ba, don Allah ka nuna mana.